Habsa Mai Leƙen Baki

Duk wanda ya kwana biyu a Filinge ya san Habsa mai leƙen baki, kuma in bai yi hankali ba ta riga ta leƙa nasa. Malamar asibiti ce, gajera, mai faɗin kafaɗa, da wata irin murya da in ta kira mara lafiya daga ƙofar ɗaki har masu tsire a bakin titi sai sun waiwayo. Mutum yana cikin gaishe ta, yana tambayar gajiya da iyali, ita kuwa idonta yana kan haƙoransa da tsawon wuyansa. Kafin ya kai ƙarshen gaisuwa ta yanke masa kilo nawa ne, ta kuma san ko bututu zai shiga maƙogwaronsa salun alun ko sai an sha fama. Wasu na cewa rashin kunya ne. To, akwai shi ɗan kaɗan, amma yawanci gado ne.

Ubanta Adamu dillalin shanu ne daga Damana, can Tondikandiya. Allah bai ba shi ɗa namiji da wuri ba, sai ya riƙa jan Habsa zuwa kasuwar Lahadi ta Filinge tun tana 'yar shekara bakwai. A nan ta ga yadda yake kama hancin sa, ya wage masa baki, ya ƙirga haƙora, ya ɗaka masa duka a ɗuwawu, sannan ya faɗi shekarunsa da naman da za a samu a jikinsa. Ba ta kai shekara goma ba ta fara gyara masa kuskure a gaban Fulani, su yi ta dariya, shi kuma ya yi ta zaginta yana jin daɗi. Da aka sa ta lakkwal, wato makarantar boko, kanta ya ɗauka, ta wuce har makarantar malaman asibiti. Aikinta na farko a wani ɗan asibitin ƙauye ne wajen Sanam, inda ba su da sikeli, shekara shida tana auna yara da ido tana ba su magani, ba ta taɓa yi wa ɗan kowa yawa ba.

Daga can ta dawo Filinge, ta auri Yazid tela. Mutumin kirki ne, ba a ja, mai hannu a ɗinki, mai son 'ya'yansa uku, amma a gaban ubansa sai ya koma kamar rigar da aka jiƙa. Uban shi ne Alhaji Issa na Tabla, manomin gero mai rumbuna, mai gemu, mai babbar riga ko da zafin bazara na dafa ƙwai a ƙasa.

A nan ne abin dariyar yake. Wannan Habsa da ta taɓa ce wa wani babban ma'aikacin gwamnati ya rage tumbi a gaban direbansa, shekara goma sha biyar ba ta taɓa furta sunan surukinta ba. Haka ake yi a nan ƙasar Kurfai, kuma ita ta riƙe abin fiye da kowa. In aka kawo mara lafiya mai wannan suna, sai ta leƙa waje ta ce, "Ina mai sunan Baba?" In Alhaji ya zo gidan, daga nesa take durƙusawa, kai a ƙasa, murya kamar ba tata ba. Amma ido ba ya durƙuso. Ta ƙasan gira ta daɗe da yanke masa kilo tamanin da biyu, gajeren wuya, ƙaramin haɓa a ɓoye cikin gemu. Ta kuma lura yana tafiya ƙafa a ware, kuma ba ya taɓa zama kan gajeriyar kujera. Ta ce wa Yazid, "Baban Latifa, Baba fa gwaiwa ce da shi, kuma ba ƙarama ba." Yazid ya toshe kunnuwa da hannu biyu ya fita gidan ba takalmi.

A asibitin mutum guda ne ya san aikin allurar barci, wato sa mutum barci a yanka shi, a kuma tashe shi lafiya. Sunansa Malam Kailu, Bazabarme siriri daga Baleyara, mai taba a baki, saura 'yan shekaru kaɗan ya ajiye aiki. Ranar da duk ba ya gari, ɗakin tiyata rufe yake, ko likita na nan. Macen da haihuwa ta gagara sai a sa ta mota a nufi Yamai, kuma sau da yawa Habsa ce ke zaune a baya tana riƙe da ledar ƙarin ruwa. Ba duka suka isa ba. Ba ta son maganar, in aka tayar sai ta yi tsaki ta ce a ba ta wuri. Amma tun daga nan ta liƙe wa Malam Kailu tana taimaka masa, ta kuma rantse sai ta ci konkur, jarrabawar da ake yi a Yamai don shiga makarantar masu allurar barci.

Karo na farko cikin 'yarta Latifa ya hana ta zuwa. Karo na biyu ta je ta faɗi, lissafin magunguna da Faransanci ya kayar da ita ƙasa warwas. Karo na uku shi ne na ƙarshe, don akwai iyakar shekaru, kuma a shekarar nan za ta kai ta. In ta wuce, ta wuce har abada.

Kai, unguwa ta ga shiri! Tana tuƙa tuwo tana karanto sunayen magunguna, muciya a dama, kaye, wato littafin rubutu, a hagu, har shafukan suka yi ɓawon gero. Maƙwabciya ta shigo aron gishiri, sai ta ji, "Zauna, buɗe baki, fito da harshe, kada ki ce komi." Mai ruwa, mai gawayi, matar liman, duk ta leƙa su. Liman kansa ya daina bi ta layin. Malam Kailu ya ara mata wani tsohon ƙarfe mai fitila da ake ɗaga harshe da shi a ga hanyar numfashi, ita kuma ta haɗa baki da Faruk mahauci yana ajiye mata kan rago da maƙogwaronsa a jiki. Sai ta ɗora kan a bisa turmi, ta zura bututu, ta zare, ta sake zurawa, har hannu ya saba. In ta gama ta babbake shi ta dafa. Wata biyu gidan Yazid ba a ci wani nama ba sai kan rago, har ƙaramin ɗansu ya fara kuka in ya hango ƙaho.

Labari ba ya zama wuri guda. Kafin ya kai Tabla ya yi ƙiba, an ce matar Yazid tana koyon kashe mutane rabi da rabi tana tashinsu, kuma da raguna ta fara. Alhaji ya shigo mota ya zo. Ya zauna kan tabarma a tsakar gida, ƙafa a ware, ya yi magana da ɗansa kamar babu kowa bayan zana, alhali ya san tana can.

"Yazidu, mi nike ji? Barci da tashi na Allah ne. Shi ka kwantar da bawa, Shi ka tada shi. Ɗiyar dillali ce za ta shiga tsakani? Kuma shekara uku a Yamai, mace da miji da ɗiya? To ka jiya. In ta tahi, ta tahi ke nan. Kada ta komo gidan ɗana."

Yazid ya ce, "To, Baba." Abin da ya iya faɗa ke nan, tela da bakinsa.

Gwamnati ba ta neman sa hannun suruki a takardun konkur, Habsa ta sani. Amma ta san Alhaji ba ya haɗiye maganarsa, ta kuma san Yazid ba zai iya tsallake ta ba. Ko jarrabawa, ko gida da 'ya'ya. Ta yi kuka, ta zagi muciya, ta zagi kan rago, ba ta zagi Alhaji ba don ba ta da sunan da za ta zage shi da shi. Takardunta da ta gama haɗawa, har da hotuna, ta sa su cikin kwalla ta rufe. Ranar Juma'ar ƙarshen wata ake rufe karɓa. Karatu kuwa ba ta daina ba, ita kanta ba ta san don me ba.

Ranar Lahadin da ta zo kafin wannan Juma'a, Alhaji ya kawo gero kasuwa. Samari na sauke buhuna a hankali, ransa ya ɓaci, ya ce yaran yanzu ba su da ƙashi, bari ya nuna musu. Ya sunkuya ya ɗaga buhu guda. Buhun ya tashi, Alhaji bai tashi ba. Abin da ya ɓoye shekara ashirin a ƙarƙashin babbar riga ya sauko ya ƙi komawa. Ya daure ya ce ciwon ciki ne, a ba shi jiƙo. Da amai ya fara, aka ɗora shi kan amalanken jaki aka nufi asibiti, da rana tsaka, rabin kasuwa na biye.

Likita ya duba ya ce hanji ya shaƙe, yanzu za a yi aiki. Alhaji ya ce a kai shi Yamai, inda ba a san shi ba. Likita ya ce hanjin ba zai jira hanya ba. Kuma wa ke aiki ranar a ɗakin tiyata? Allah mai iko.

Malam Kailu ya tofar da tabarsa ya wanke hannu ya ce, "Habsa, zo ki leƙa."

Ta ce, "Malam, surukina ne."

Ya ce, "Na sani. Surukin yana waje tare da rawaninsa. Nan ciki baki ne da maƙogwaro. Zo."

Ta matso. Shekara goma sha biyar ba ta kalli fuskar nan sosai ba, yau ga ta a ƙarƙashin fitila, ba rawani, ba riga, sai zane guda. Ta ce da ƙaramar murya, "Baba, a yi haƙuri, a buɗe baki." Alhaji ya runtse ido gam, kamar in bai gan ta ba ita ma ba ta gan shi ba, ya buɗe. Haƙora bakwai da ɓarɓashin goro, ga harshe kamar na sa. Yadda ta zata haka ta tarar, hanya ƙunci.

"Kilo nawa?" in ji Malam Kailu, yana zuƙo magani.

"Tamanin da biyu."

Ko numfashi ba ta ja ba kafin ta faɗa. Alhaji, duk da azabar da yake ciki, sai da ya buɗe ido guda ya dube ta, don ya gane ba yau aka auna shi ba. Nan maganin ya ɗauke shi.

Aiki ya yi kyau, hanji bai ruɓe ba. Aka cire bututu, ya fara numfashi da kansa, aka gungura shi ɗakin farfaɗowa. Ba a gama gyara masa kwanciya ba sai ga mota daga Sanam da mace, jariri ya kwanta a gicciye. Malam Kailu mutum guda ne, ba ya rabuwa biyu. Ya ce, "Ki tsare shi, kada idonki ya bar shi," ya ruga.

Sai ita da Alhaji. Tagar ɗakin a buɗe take saboda zafi, kuma a ƙarƙashinta, gindin dogon yaro, dangin Tabla ne zaune jingim, har da Yazid da Gwaggo Safi, yayar Alhaji, tsohuwa mai carbi da kunne kamar na zomo.

Da farko minshari yake yi, irin na mai rumbuna. Can sai minsharin ya canza, ya koma kamar ana jan ruwa a tulun da ya ƙare. Sai ya tsaya. Ɗan abin da aka maƙala masa a yatsa ya fara kuka, lambar da ke nuna iska a jini tana sauka. Harshen ne ya koma baya ya toshe hanya. Habsa ba ta yi shawara da kowa ba, ta cusa yatsu cikin gemun surukinta, ta kama muƙamuƙi ta turo shi gaba, ta ɗora masa abin iska. Hanya ta buɗe, amma tsohon ya yi nisa, sai ya ja numfashi guda ya manta da na biyu.

"Baba," ta ce. "Baba, a ja numfashi."

Shiru.

"Alhaji! Alhaji, a buɗe ido!"

Ko gezau. Lambar ta ƙara sauka. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ta sani a bayan mota kan hanyar Yamai. Sai ta tuna abin da Malam Kailu ya sha faɗa mata, cewa Alhaji da Malam da Baba duk riguna ne da mutum ke sawa da girma, wanda ke can ƙasan barci ba ya jin su, sunan da aka kira shi da shi yana yaro kaɗai yake ji. Ta dubi ƙofa, babu kowa. Ta dubi taga, ta san su waye a ƙarƙashinta. Ta ce a ranta, auren nan dama ya kusa mutuwa, gara shi da tsohon.

Ta cika ƙirji, ta saki muryar kasuwar shanu.

"ISSA! Kai, Issa! Buɗe idonka, ja numfashi!"

Ta haɗa masa da mari a kunci, ba na wasa ba.

Tsohon ya zabura, ya ja iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya yi tari, ya buɗe ido. Ya ce, "Na'am, Inna," da wata 'yar murya. Sannan idon ya washe ya ga wadda ke riƙe da gemunsa.

A waje kuwa carbin Gwaggo Safi ya faɗi ƙasa. Ta saki salati har uku, ta ce yau ta ga ƙarshen duniya, matar ɗa ta kira uban miji gatsal kamar mai kiran akuya. Yazid ya ja hularsa ya rufe fuska. Kafin la'asar labarin ya zagaye kasuwa ya kama hanyar Tabla, kuma a hanya marin guda ya zama uku.

Kwana uku duk lokacin da Habsa ta shiga canza masa ƙarin ruwa, Alhaji sai ya juya fuska bango ya ja zane har ka. A gida ta fara ninke kayanta a hankali, don ta san abin da ke tafe. Gwaggo Safi ta riga ta faɗa wa kowa cewa ko kwana guda yarinyar ba za ta ƙara ba in ƙanenta ya tashi.

Ranar Alhamis da hantsi ya sa aka kira Yazid. Habsa na tsaye tana gyara ledar ruwa, ta juya za ta fita, ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwayo ba, alamar ta tsaya. Da bango ya yi magana.

"Yazidu. Karatun ga na Yamai, shekara nawa a kai?"

"Uku, Baba."

Ya ce, "Babu na biyar?"

Tsohon ya ce, "Ƙaƙa zan zauna gari guda da wadda ta ƙirga haƙorana, ta san nauyina, ta ga abin da uwarka ma sai a duhu ta sani? A kai ta. Gobe-goben nan a kai takardunta. In ta ci, ɗiyan su zo Tabla hutu, ni ka riƙonsu."

Habsa ta juyo. Dariya na cinta, hawaye na cinta, ba ta san wanne za ta bari ya fito ba. Ta durƙusa ta ce, "Na gode, Baba."

Bai juyo ba. Amma ya ci gaba, murya ta sauka, har sai da Yazid ya matso.

"Wata hanya na kama, mai sanyi, ba ƙaya. Daɗi gare ta, ban yi niyyar komowa ba. Na ji ana Alhaji, Alhaji, na ce ba da ni a kai ba. Sai na ji an kira ni yadda Inna ka kirana in na daɗe wajen tabki. Ni ne autanta, ni ɗai taka kira da suna. Shekara arba'in ba wanda ya kira ni hakanan." Ya ja hanci, ya ce, "Har marin irin nata ne."

Takardun sun shiga ranar Juma'a, da warin kwalla a jikinsu. Habsa ta zauna konkur a Yamai, ta leƙa bakin mai tsaron jarrabawar tun yana karanta dokoki, kuma a wannan karo lissafin bai kayar da ita ba. Ta yi shekara ukunta, Yazid na ɗinki yana dafa wa yara abin da ya sawwaƙa, ban da kan rago. Yanzu ita ke zaune a kujerar Malam Kailu, shi kuma ya koma Baleyara da tabarsa. Ɗakin tiyata ba ya rufuwa sai in ita ce ba ta gari, shi ya sa take ta matsa wa wata ƙaramar malama mai suna Ummul da karatu da kawunan raguna.

Alhaji na nan da ransa, yana zama kan gajeriyar kujera yadda ya ga dama. A Tabla ba wanda ya isa ya taɓa Habsa a gabansa, yana cewa matar ɗansa ke kwantar da mutane ta tashe su, da izinin Allah. Amma in ya ji ta shigo garin, sai ya ja rawani ya rufe baki ya tuna yana da aiki a gona, ko da rani ne. Ita kuma ta koma durƙusonta daga nesa, mara lafiya mai wannan suna har yau mai sunan Baba ne. Ba ta sake furta shi ba.

Bara da ya yi zazzaɓi mai nauyi, ya kira Yazid ya bar masa wasiyya. Bai yi maganar gona ba, bai yi ta rumbuna ba. Ya ce ranar da aka ga ya kama hanyar nan, kafin a kira liman a kira matar Yazid, a fitar da kowa daga ɗakin, a rufe taga, ta kira shi sau guda. In bai amsa ba, to, a tafi a haƙa.